Ranar Dangi: harshe ya bi hanyarsa, jini ya bi tasa

Asabar, 18 ga Oktoba, 2025

Yau Asabar ta uku a watan Oktoba, ranar da Istoniya ke ɗaga tuta don tunawa da danginta na harshe: mutanen Finlan da Hangari, da Sami na arewacin Turai, da ƙabilun Mari, Udmurt, Komi, Khanty da Mansi na Rasha. Na wuni a kan tambaya ɗaya: me ya haɗa su? Abin da ke damuna shi ne yadda ake cakuɗa harshe da jini, alhali kowanne da hujjarsa.

Ta fuskar harshe, magana ta zauna tun tuni. János Sajnovics ya nuna dangantakar harshen Hangari da na Sami a 1770, Sámuel Gyarmathi ya faɗaɗa aikin a 1799. Kamannin kalma ɗaya ko biyu ba hujja ba ce. Ana ɗauko kalmomin da ba a cika aro ba, kamar sassan jiki da ƙidaya, a duba ko sauti yana sauyawa bisa ƙa'ida. A harshen Finlan kifi "kala" ne, a na Hangari "hal"; uku "kolme" da "három"; bukka "kota", gida "ház". Wato a harshen Hangari k ta koma h in wasalin baya (kamar a ko o) ya biyo ta. Gaban wasalin gaba kuwa tana nan: hannu "käsi" da "kéz", dutse "kivi" da "kő". Haka p ke komawa f: itace "puu" da "fa". Inda mai bincike ke tuntuɓe shi ne kalmar aro. "Sata" da "száz", ma'ana ɗari, sun dace da juna, amma tun zamanin da aka aro su daga harsunan Indo-Iran. Amfaninsu dabam ne: suna nuna kakannin sun yi maƙwabtaka da makiyayan filayen kudancin tsaunukan Ural na Rasha.

Da la'asar na koma kan ƙwayoyin gado. Akwai reshen da ake kira N a ƙwayar Y, wadda ɗa ke gada daga uba, kuma asalinsa gabas ne. Kusan kashi 60 cikin ɗari na mazan Finlan suna ɗauke da shi, a Istoniya wajen kashi ɗaya cikin uku. A Hangari ta yau kuwa ɗan kaɗan ne, ga shi su ne mafi yawan masu magana a dangin, kusan miliyan 13. Sai Latbiya da Lituwaniya, inda N ke da yawa, amma harsunansu ba na wannan dangi ba ne sam. Kuskuren masu karanta sakamakon gwajin DNA ke nan: ƙwayar Y layi ɗaya tak take bi cikin dubban kakanni. In aka auna gadon gaba ɗaya, kason Siberiya a jinin mutanen Finlan bai wuce kashi 10 ba, na Sami ya kai wajen rubu'i.

Ƙasusuwan da aka tono sun ba da lokaci. A Bolshoy Oleni Ostrov, yankin Kola a arewa maso yammacin Rasha, an sami N da gadon Siberiya a mutanen da suka rayu shekaru 3,500 da suka wuce. A Istoniya bai bayyana ba sai a kaburburan dutse da ake kira tarand, na farkon zamanin ƙarfe, kimanin shekaru 2,500 baya. Mahayan da suka shigo da harshen Hangari kwarin Karpat, inda Hangari take a yau, wajen shekarar 895 ba su kai mazauna wurin yawa ba; harshensu ya yi rinjaye, jininsu ya narke cikin jama'a.

Al'ada ma ta rarrabu, sai 'yan abubuwa. Khanty da Mansi suna yi wa beyar da aka kashe biki na kwanaki, da waƙoƙi da wasan kwaikwayo; mutanen Finlan na dā sukan rataye ƙoƙon kansa a bishiyar fayin, ba sa kuma kiran sunansa kai tsaye. Mari har yanzu suna ibadar gargajiya a kurmi.

Abin da ya fi taɓa ni a yau halin ƙananan harsunan ne. Mace ta ƙarshe da ta tashi da harshen Liboniya na gaɓar tekun Latbiya ta rasu a 2013. A 2018 Rasha ta mayar da koyon harsunan jamhuriyoyinta a makaranta na ganin dama. Mansi, mafi kusa da harshen Hangari, a ƙidayar 2010 masu jin sa ba su kai 1,000 ba, cikin mutum kusan 12,000.