Hijabin ruwan ƙasa

Wallahi har yau in na tuna ranar Talatan nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Lokacin watana bakwai a Bradford ta Ingila, sanyi ya shigo, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, wanki kuma sai ya kwana biyu bai bushe ba, ba irin Argungu ba da za ki shanya kaya ki yi azahar ki kwashe. Hijabina ruwan ƙasa da kullum nake zuwa ɗauko yarona da shi yana jiƙe, sai na zari wani shuɗi na fita.

Ɗan fari ne, kun san ba zan kama suna ba. Shekararshi 5, kuma a nan ne anka tabbatar mana yana da galahanga, wato otizim.

Anka buɗe ƙofar aji, ina tsaye gabanshi ina murmushi, yaron nan ya dube ni kamar yadda ake duban sandar fitila, ya wuce ya kama rigar wata 'yar Pakistan mai hijabi ruwan ƙasa. Na jawo hannunshi, ai kuwa ya fasa ihu ya kwanta ƙasa yana birgima. Wata sabuwar malama da ba ta san ni ba ta shiga tsakaninmu tana tambayata wai ni wace ce, in bari ta kira ofis tukuna. Ni da na yi naƙudar kwana biyu! Iyaye sun tsaya suna kallo, Turancina ya gudu, ba abin da ke fita sai hawaye. Sai da na durƙusa na ce mishi a kunne "ɗan Inna tashi mu tai gida" sannan ya yi shiru ya shafa bakina.

Malamar ba ta yi laifi ba, aikinta ne, na sani. Amma har yau gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu.

Bayan sati anka kira ni wajen mai kula da yara masu buƙata ta musamman. Ita ta fahimtar da ni cewa da yawa cikin irin yaran nan ba da fuska suke gane mutum ba, da gashi ne ko tabarau ko kaya ko murya, kuma in ma sun dubi fuskar sun fi duban baki a kan ido. Ashe duk watannin nan ni hijabi ce a wurinshi. Daren nan ban yi barci ba ina ta bincike a waya, har na ga wani malamin jami'a a Kanada, Jim Tanaka, da abokan aikinshi sun yi wasan kwamfuta don wannan matsalar, a 2010 sunka fitar da sakamako cewa yaran da sunka yi awa 20 suna wasan sun ƙara iya gane fuska ta ido da baki. Mu dai da kwali da almakashi munka fara.

Mai kula da yaran ta ce in kawo hotunan dangi na kusa. Na sa a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp, kafin isha'i hoto ya fi 60, har da kishiyar Inna da 'ya'yan Baffa na Birnin Kebbi. Matar ta yi dariya ta ce ita mutum uku take nufi.

To mutum uku. Ni, babanshi, Inna. Kowa hoto biyu da kaya daban, a huda kwali a ɗora yadda fuska kawai za ta fito, shi kuma ya haɗa wanga da wanga. Minti biyar bayan cin abinci, in ya gaji a bari, kuma ta ja mini kunne kada in kama haɓarshi in ce dole sai ya dube ni cikin ido, abin yana takura su. Abin dariya, mu da anka rene mu da cewa yaro mai kunya ba ya haɗa ido da babba, ni ce yau zaune ina nuna gira da hanci ina cewa duba nan. Shi ya sa ma a gida ba wanda ya lura da wuri, cewa ake yaron akwai ladabi, maganar ma za ta zo, kawunshi ma bai yi magana da wuri ba.

Kun san wa ya fara ganewa? Ba ni ba. Inna. Zanen Kabawa da ke kumatunta yake bi da yatsa, ko wane mayafi ta sa sai ya ciro ta. Na ji daɗi, na kuma ji kishi, ba zan ɓoye ba. Nawa hoton sai da munka yi wajen wata biyu, yanzu kam ko da wane hijabi na je yana tahowa, sai dai yakan tsaya ya ƙare mini kallo tukuna.

Da na ba Inna labari a bidiyo kol kuka ta yi, ta ce ita dai a dawo mata da mijinta ta yi mishi tofi, ta kai shi bakin kogin Matan Fada ya ga masunta, wai iskar Turai ce ba ta karɓe shi ba. Ban yi gardama ba. Abin da na lura shi ne wayar take kaiwa dab da hanci, kuma sai na yi magana take cewa au ke ce. Yanar ido ta rufe mata na hagu tun bara ba wanda ya gaya mini. Na kira Yaya na yi ta faɗa, ya ce in yi haƙuri, ita ta hana a faɗa, sai an gama girbin shinkafa za su kai ta Sakkwato a duba. Na tura kuɗin mota jiya, har yanzu bai ce ya gani ba.