Takardar kilishi a hanyar Garwa

Jirgin ƙasan da ya kwana da mu daga Yawunde ya shigo Ngaundare da hantsi. Ban tsaya ko'ina ba sai tashar mota, don so nake in kwana Garwa. Kafin a gama lodi na sayi kilishi, mai kilishin ya naɗe mini shi a wani yagaggen shafin jaridar Cameroon Tribune.

Kusa da ni wani dattijo ne mai furfura a gemu. Muna fara sauka gangaren nan na Falez, inda direba ke bin kwana-kwana a hankali kowa na salati a ransa, na buɗe kilishin na ce, "Baba, bismillah." Ya ɗauki ɗan yanki, amma idonsa na kan takardar.

"Ɗana, ka san na yi shekaru ina raba irin wannan kyauta?"

Na ɗauka sadaka yake nufi. Ashe a Faris ya zauna, aikinsa tsayuwa bakin ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa tun duhun asuba, da damin jarida a hannu. Sunanta 20 Minutes, wai gwargwadon lokacin da ma'aikaci zai yi a jirgi kafin ya kai wurin aiki. A 2002 ta fara fita a Faransa, amma ya ce 'yan Suwidin ne suka fara dabarar da jaridar Metro tun 1995. Na ce to wa ke biyan kuɗin bugawa, wa ke biyanku? Ya ce masu talla. Yawan hannun da jaridar ta shiga, yawan kuɗin da za a caji mai talla, shi ya sa ba a son ka dawo da ko ɗaya.

Nan ya gwada mini yadda ake yi. Ya kakkaɓe takardar kilishin, ya ninka ta biyu, ya miƙo ta daidai ƙirjina. "Ba ka jiran a tambaye ka. Hannun mutum ne zai karɓa kafin zuciyarsa ta yi shawara." Wallahi sai ga shi na karɓa, tawa ce kuma. Matar da ke bayanmu ta yi dariya har da tafi.

Abin da ya fi damunsa ba sanyin da ke daskarar da yatsu ba ne. Mutum ɗari su karɓa, da ƙyar biyu su dube ka, balle gaisuwa. Ya ce akwai wata tsohuwa da kullum sai ta ce masa ina kwana da Faransanci, har yau ita kaɗai yake iya tuna fuskarta. Sana'ar ma ta mutu, wayar hannu ta cinye ta, a 2024 aka daina buga 20 Minutes a takarda.

Ni dai ban ga yadda abin zai yiwu a wurinmu ba. Jaridar kuɗi ma tsayawa muke gaban mai sayarwa mu karance kanun labarai mu wuce. In aka ce kyauta ce, masu ƙosai da tsire za su kwashe ta tun ba ta kai hannun mai karatu ba. Na faɗa masa haka, ya ce ai ko a can da ita ake share kujerar jirgi.

Wajen garuruwan Mbe da Gamba barci ya kwashe ni. A Ngong zafi ya tashe ni, 'yan talla sun yanyame tagogi da gyaɗa da ruwan leda. Ana kiran magariba muka hau gadar Binuwai. Da muka sauka jikansa ya zo ɗaukarsa a babur. Har ya hau, sai ya juyo ya ce, "Ba ni takardar nan, akwai labarin auduga a bayanta ban ƙarasa ba." Na laluba aljihu na miƙa masa, duk ta jiƙe da mai.