Yaushe tambaya take zama maimaici?

Ina koyar da rubuta manhaja a wata ƙaramar cibiya da ke unguwar Yelwa a Garwa. Ɗalibanmu Hausawa ne da Fulani da sauran ƙabilun Arewa, karatunsu na boko da Faransanci suka yi, saƙonnin kuskuren da kwamfuta ke fitarwa kuma da Turanci suke zuwa. Muna da wani babban littafi mai baƙin bango a kan teburina. Duk tambayar da aka kawo aka warware, sai a rubuta ta a ciki da lambarta da amsarta. Idan wani ya sake kawo irinta, ba ma sake rubuta amsa, sai mu tura shi ga lambar. Aikin yanke hukunci a kan ko tambaya sabuwa ce ko maimaici yana wuyana ni da manyan ɗalibai biyu, kuma ya fi yadda ake zato wuya.

Akwai dalilin da ya sa muke hana maimaici. Idan amsar matsala ɗaya ta warwatsu a shafi biyar, wata rana za a gano gyara a yi shi a shafi ɗaya, sauran huɗun su ci gaba da ɓatar da mutane. Gara amsa ɗaya mai kyau wadda kowa ke ƙara wa gyara.

Inda ake faɗawa rami shi ne a yi hukunci da kamannin kalmomi. Wata ɗaliba ta rubuta manhajar rajistar marasa lafiya don gwaji, sai sunayen da ke da é suka riƙa fitowa da Ã©. Mun rubuta amsar: an adana rubutun da tsarin UTF-8, ana karanta shi da Windows-1252, don haka harafi ɗaya mai bayit biyu ya koma haruffa biyu. Rubutun yana nan lafiya, mai karantawa ne ya ɗauki ma'aunin da ba shi ba, kuma da an gaya wa manhajar tsarin da za ta yi amfani da shi komai ya daidaita. Bayan wasu makonni wani saurayi ya zo ya ce, "Malam, haruffana sun lalace." Ɗaya daga cikin manyan ɗaliban har ya buɗe littafin zai nuna masa waccan lambar. Na ce a bari mu ga allon tukuna. Sunayen Hausa da Fulatanci ne, kuma duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ ko ŋ suke, alamar tambaya ce ta maye gurbinsu. Da matsalarsa irin ta ɗalibar ce, da ƙ ta fito kamar Æ™. Tasa daban ce. Tsohon MySQL ne a injinsa, kuma kafin fitowar 8.0 a shekarar 2018 tsarin da yake ɗauka da kansa shi ne latin1, wanda ya san é da ç na Faransanci amma bai san haruffanmu masu ƙugiya ba. Tun lokacin adanawa aka jefar da su aka sa alamar tambaya. Babu gyaran karatu da zai dawo da su. Sai an canza teburin zuwa utf8mb4 an sake shigar da sunayen daga takardun asali. Da an tura shi ga tsohuwar amsar, da ya kwana yana sauya saitin da ba shi da laifi, ya kuma ɗauka shi ne marar ƙwaƙwalwa. Kama da wane ba wane ba ne.

Akasin haka ma yana faruwa. Wani yana lissafin harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari a kan kayan shago, jimillar ta fito da doguwar jela ta sifilai da wata lamba a ƙarshe. Wata kuma tana lissafin matsakaicin maki bisa 20, yaron da ya kamata ya sami 10 cif ya fito da tara da ɗigo da jerin taruna, manhajar ta ce ya faɗi. Ba kalma ɗaya da ta haɗa tambayoyin nan biyu, amma uwarsu ɗaya. Kwamfuta tana adana lambobi masu ɗigo da tsarin sifili da ɗaya bisa ƙa'idar IEEE 754 ta shekarar 1985, kuma a wannan tsari 0.1 ba ta da iyaka, dole a gutsure ta. Shi ya sa a Python ko JavaScript 0.1 da 0.2 suke ba da 0.30000000000000004. Bayanin da muka rubuta wa mai shagon ya ishi mai makin, sai layi biyu da na ƙara a ƙasa: kuɗi a riƙe su da cikakkun lambobi na sefa ko da decimal, maki kuma a daidaita shi zuwa gurbi biyu kafin a gwada shi da 10. Wannan maimaici ne na gaskiya, kuma haɗa su ya ƙara wa tsohuwar amsar ƙarfi. Shi kuwa wanda ya rubuta 19,25 da waƙafi kamar yadda aka koya mana a makaranta, Python ta ƙi karɓa ta ba shi ValueError, nasa shafin daban muka buɗe masa, ko da yake shi ma a kan TVA yake kuka.

Daga nan muka tsayar da ma'auni ɗaya. Duk wanda zai ce tambaya maimaici ce, ya zauna kusa da mai tambayar, su bi tsohuwar amsar a kan injin mai tambayar, layi bayan layi. In ta yi aiki ba tare da an ƙara wani sabon bayani ba, maimaici ce. In sai da aka ce "amma a wurinka ka canza kaza", to a duba: ƙarin ɗan kaɗan ne da zai shiga tsohon shafi, ko kuwa sabon ciwo ne da yake buƙatar shafinsa. Wannan yana cin lokaci, musamman a watan Afrilu da zafin Garwa ke wuce digiri 40 kowa yana so ya tashi, amma ban ga hanyar da ta fi shi gaskiya ba.

Ko da tambayar ta tabbata maimaici, ba ma share ta. Muna rubuta ta a littafin da ainihin kalmomin da mai ita ya faɗa, da Hausa ko Faransanci ko Fulatanci, a ja kibiya zuwa lambar amsar. Sabon ɗalibi bai san kalmar encodage ba, abin da ya sani shi ne "haruffa sun lalace", kuma da wannan zai nema. Kowace sabuwar hanyar faɗar matsala ƙofa ce ga wanda zai zo gobe.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Akwai 'yan mata da samarin da sai sun daɗe suna juya tambaya a zuci kafin su ɗaga hannu. In amsar farko da suka ji ita ce "an riga an tambaya, je ki duba", da yawansu ba sa ƙara buɗe baki har ƙarshen zango. Don haka na hana a faɗi haka daga nesa. Abin da nake so a ce shi ne, "Ƙanwata, wani ya taɓa cin karo da irin wannan, zo mu gani ko maganinsa zai yi miki." In bai yi ba, ita ce za ta rubuta sabon shafin da hannunta.

Amsoshi kuma suna tsufa. Wasu tsofaffin kwamfutocin da ɗalibai ke saya a hannu na biyu suna zuwa da Python 2.7, wadda aka daina kula da ita tun 1 ga Janairun 2020. A cikinta 5/2 tana ba da 2, a Python 3 kuwa 2.5, kuma print ma ba iri ɗaya ake rubuta ta ba. Tambaya ɗaya ce harafi da harafi, amma amsa biyu ce. Yanzu a saman kowane shafi muna rubuta sigar manhajar da aka gwada amsar a kanta da watan da aka gwada, kuma abu na farko da ake tambayar mai tambaya shi ne wace siga ce a injinsa.