Amshi ya dawo gaba, baiti ya ragu: ina waƙar zamani ta dosa?

Tambayar farko da mawaƙi ke yi idan ya shiga situdiyo ta canza. Shekaru goma sha biyar da suka wuce, lissafin shi ne baiti nawa za a yi, kuma wace ce za ta yi amshi. Yanzu tun kafin a kunna makirufo an fara gardama kan wurin da za a yanka a ɗora a TikTok. Masu cewa waƙa ta lalace suna ɗora laifin a kan yaran zamani. A ganina in ma akwai laifi, na mazubi ne, domin waƙa tana ɗaukar siffar abin da aka zuba ta a ciki da kuma aljihun da ke biyan kuɗinta.

Haka abin yake tun asali. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da kamar minti uku a kowane gefe, shi ya sa waƙar kasuwa ta Turawa ta saba da minti uku. Kaset mai minti 60 ya ba da rabin awa a gefe guda, sai waƙoƙin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo suka samu filin miƙewa kamar yadda suke miƙewa a dandali. Da finafinan Kannywood suka kankama a ƙarshen shekarun 1990, fiyano ƙirar Yamaha PSR ta maye gurbin makaɗa, aka samu nanaye: namiji ya yi baiti, mace ta mayar, a yi ta tafiya minti biyar ko shida, don dole waƙar ta ishi rawar da za a ɗauka a fim. Daga nan sai zamanin memori da bulutut da masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa. Wannan zamanin ne ya kai salon situdiyon Hausa har cikin Sahara. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar da yanzu yake zagaya duniya, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, da muryar Auto-Tune, wato na'urar gyaran murya, irin ta waƙoƙin fim, kuma daga waya zuwa waya kundin ya yaɗu.

Mazubin yau biyu ne: gajeren bidiyo, da manhajojin sauraro irin su Spotify da Audiomack da Boomplay. Spotify, wadda ta buɗe a Najeriya a Fabrairun 2021, ba ta ƙirga an saurari waƙa sai an kai sakan 30. Wannan ƙa'idar kaɗai ta sauya ginin waƙa fiye da duk wani salo. Ga lissafin. Kiɗa mai bugu 112 a minti, zagaye ɗaya na bugu huɗu yana cin sakan biyu da ɗan ɗoriya. Shimfiɗar kiɗa mai zagaye 16, wadda a da ba a ganin tsawonta, sakan 34 ce. Ma'ana mai sauraro zai iya tsallakewa tun mawaƙi bai buɗe baki ba, kuma ba a samu ko kwabo ba. Saboda haka aka koma ga wannan tsari: shimfiɗa zagaye 4, amshi 8, baiti 16, amshi 8, baiti 16, amshi sau biyu, rufewa 4. Jimla zagaye 72, wato minti biyu da sakan 34. Murya ta shigo kafin sakan tara, amshi ya ƙare kafin sakan 30.

Inda ake yin kuskure shi ne a gina sakan 15 masu daɗi a bar sauran waƙar fanko. Irin wannan tana yin tashe mako biyu a TikTok, amma wanda ya bi sawunta zuwa YouTube ba ya sake komawa, kuma mai kiɗan biki ba ya iya riƙe fili da ita. Mata a filin rawa suna buƙatar minti biyar ko fiye kafin liƙi ya yi zafi. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a fitar da waƙa iri biyu daga zama ɗaya: gajera don manhajoji, doguwa mai ƙarin baiti da sararin kirari don biki. Aikin bai wuce awa ɗaya ba idan an ajiye kowane sauti a layinsa daban.

Abin da TikTok ke yi kuma ba ya bin kalanda. Waƙar "Love Nwantiti" ta mawaƙin Najeriya CKay da ta mamaye duniya a 2021 tun 2019 ta fito. A Arewa ma an ga haka a 2020, lokacin kullen korona, da matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyon rawa da waƙar Hamisu Breaker har ta zama abin muhawara a gari. Don haka tsohuwar waƙa ba ta mutuwa, matuƙar tana kan manhaja da sunan mai ita.

Sai batun amapiano, wanda ya taso daga unguwannin baƙar fata na Pretoria da Johannesburg a Afirka ta Kudu, yana tafiya a kan bugu 110 zuwa 115 a minti. Alamarsa ita ce gangar nan mai kauri da ake kira log diram, wadda a asali ba ganga ba ce, sauti ne da ake murɗawa daga na'urar Fruity DX10 a cikin manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Asake ya ɗora mata amshin taron jama'a da ƙamshin fuji a 2022, daga nan kowa ya bi, har da situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos. Matsalar da ke yawan faruwa a nan ta kunne ce. Ƙarfin log diram yana can ƙasa, wajen 40 zuwa 80 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), alhali ƙaramar sifikar waya ba ta fitar da abin kirki ƙasa da kamar 200 Hz. A situdiyo kiɗan yana girgiza ƙirji, a wayar Tecno ko Itel sai a ji murya kawai da ƙarar kacau-kacau. Gyaran shi ne a kwafi layin gangar, a yanke ƙasan kwafin daga 150 Hz, a ƙona shi kaɗan da abin ƙara kaushi domin ya haifi sautuka a tsakanin 300 da 800 Hz, sannan a sa shi a hankali ƙarƙashin na asali. Duk abin da ke ƙasa da 120 Hz a tattara shi a tsakiya, kada a raba shi dama da hagu. Kuma kada waƙa ta bar situdiyo sai an ji ta a waya mai sifika ɗaya, a waje, inda babura ke wucewa.

Amapiano ɗin ma ya fara gundurar kunne. A ƙasarsa an koma ga salon da ake cire bugu ɗaya daga cikin huɗu na babbar ganga, a Legas kuma kiɗan titi yana ƙara sauri da kaushi, kamar yadda aka ji a kundin Rema na 2024. Wanda yau ya fara koyon log diram don ya kamo yayi, ya riga ya makara.

Auto-Tune ya daɗe a waƙar Hausa ta zamani, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kamfanin Antares ya fitar da shi a 1997 don gyara ƙananan kurakuran murya. Abu biyu ke ɓata shi. Na farko, barinsa a buɗe a kan dukkan sautuka goma sha biyu. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya, to idan ba a gano mabuɗin waƙar an kashe sautukan da ba a buƙata ba, murya za ta riƙa rawar ɗari tsakanin maƙwabta biyu, wannan karkarwar da ake ji a waƙoƙi masu arha. Na biyu, saurin gyara. Idan an sa shi a sifili, kowane lanƙwasa na murya yana zama tsalle. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai mai faɗuwa a kan gaɓa mai nauyi, kuma wannan faɗuwar ce na'urar ke fara cinyewa. Sai a ji kalma ta fito da lafazin baƙo, mai sauraro ya kasa kama baitin. A baiti, inda magana take, saita saurin gyara a kan 20 zuwa 40 ya fi dacewa. A amshi, inda ake son ƙyalli, ana iya sauka zuwa 5 ko 10. Ba dole ba ne saiti ɗaya ya yi wa waƙa duka.

Inda nake ganin an dosa shi ne gida. Kasuwar duniya ta riga ta nuna hakan. Billboard ta buɗe jadawalin Afrobeats a Amurka a 2022, Grammy ta ƙirƙiro rukunin waƙar Afirka wanda Tyla ta fara lashewa a 2024, kuma a wannan shekarar kamfanin waƙa na duniya Universal ya sayi kaso mafi girma na kamfanin waƙa na Mavin da ke Legas. Abin da waɗannan manyan ke nema shi ne sautin da ba za su iya haɗawa da kansu a Landan ba. Yarabawa sun kai fuji da gangansu, Ibo sun kai ogene da hailaif. Kalangu da kotso da gurmi da kukuma da ƙwarya suna nan ba a taɓa su sosai ba, in ban da kwaikwayonsu da ake yi da fiyano, wanda ba ya kama ƙafar na gaske.

Dalilin a bayyane yake. Daɗin kalangu yana cikin matsa tsarkiya a hammata, sautin ya hau ya sauka kamar magana. Idan aka naɗi bugu ɗaya aka baza shi a kan fiyano, an kashe wannan. A kira makaɗi, a sa masa abin ji a kunne mai ba shi ƙidayar bugu, ya kaɗa zagaye takwas sau uku ko huɗu, a zaɓi mafi kyau. Makirufo irin Shure SM57 a nisan taƙi ɗaya daga fatar, a ɗan karkace don kada makaɗin ya doke shi, wani kuma a nisan mita ɗaya ya kamo jikin gangar. Ɗakin siminti tsirara yana mayar da amo mai ƙarfi, to a jingina katifa a bango, a rataya bargo a bayan mai kiɗan. Wajen daidaita bugun da layin kwamfuta kada a ja shi ɗari bisa ɗari. Rabi ya isa, domin wannan ɗan jinkirin da gaggawar hannu su ne ke sa ƙugu motsi. Kuma a rubuta sunan makaɗin da kasonsa a takarda tun a ranar.

Ƙarar waƙa ba ta buƙatar dogon bayani. Spotify tana daidaita kowace waƙa zuwa kusan -14 LUFS a ma'aunin ƙarar sauti, don haka matse waƙa har ta shaƙe ba ya sa ta fi ta wani ƙara a can, sai dai ya kashe mata numfashi. A bar tazarar 1 dB a sama. Amma WhatsApp da memori da sifikar mai kiɗan biki ba sa daidaita komai, su kam a ba su kwafi mai ƙarfi daban.

Kuɗin fa? Spotify ta ce mawaƙan Najeriya sun samu sama da naira biliyan 58 daga gare ta a 2024. Adadin yana da daɗin ji, amma masu sauraron waƙar Hausa sun fi yawa a YouTube da TikTok da Audiomack da kuma turawa kyauta, inda talla ba ta da tsada. Kallo ɗaya daga Saudiyya ko Ingila ya fi kallo da yawa daga gida kawo kuɗi, shi ya sa Hausawan zango a Gana da na Sudan da Kamaru da masu zama a Makka da Jidda suka cancanci a tuna da su wajen rubuta suna da bayanin waƙa. Tun 2024 kuma, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, Spotify ba ta biyan komai a kanta, kuma tana cin tarar masu rarrabawa, wato kamfanonin da ke ɗora waƙa a manhajoji, idan ta kama sauraron bogi. Masu sayar da sauraro dubu goma a farashi mai rahusa suna iya jawo a sauke waƙar gaba ɗaya. Gaskiyar magana ita ce mawaƙin Arewa har yanzu daga biki da liƙi da waƙar amarya da ango da waƙar siyasa yake ci, kamar yadda tashen Dauda Kahutu Rarara tun zaɓen 2015 ya nuna. Gajerar waƙar manhaja talla ce da ke kawo gayyata.

Abin da zai girgiza wannan lissafi shi ne ƙirƙirarriyar basira. Manhajojin Suno da Udio suna haɗa waƙa cikakkiya daga rubutu cikin ƙasa da minti biyu, har manyan kamfanonin waƙa uku na duniya suka kai su kotu a Yunin 2024. Manhajar sauraro ta Deezer ta ce a Afrilun 2025 ana ɗora mata irin waɗannan waƙoƙi sama da 20,000 a kowace rana. Hausarsu tana yawan tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ da tsawon wasali, amma wannan gyara ne na ɗan lokaci. Abin da za su fara cinyewa shi ne waƙar soyayya ta kowa da kowa, da tallan rediyo, da waƙar biki mai arha wadda suna kawai ake canzawa. Wanda zai iya tsayawa a fili da makaɗa ya yi wa dangin amarya kirari ɗaya bayan ɗaya, shi farashinsa zai hau.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne satar murya. Naɗin murya na 'yan mintuna ya isa a horar da na'ura ta rera abin da mutum bai taɓa faɗa ba, kuma kakar zaɓen 2027 fili ne da waƙar zambo za ta yi kasuwa. A Kano, inda Hukumar Tace Finafinai ke sa ido a kan abin da mawaƙi ya fitar, mutum zai iya tsintar kansa yana amsa tambaya kan waƙar da ba tasa ba. Kariyar da ke hannu yanzu ita ce kowace waƙa ta fita ta hannun mai rarrabawa da lambar shaidarta ta ISRC, mai haruffa da lambobi 12, a riƙe tasha ɗaya tabbatacciya da jama'a suka san daga nan waƙoƙin mutum ke fitowa, kuma a adana ɗanyen naɗin murya da fayil ɗin aikin, masu ɗauke da kwanan wata, a wuri biyu daban, ɗaya ba a kwamfutar situdiyo ba.