Na je bakin teku da takalmin ofis

Kwana tara na yi a Kalifoniya, takwas daga ciki na ƙarar da su ina ɗaukar hoto a gaban allunan kamfanoni. Wani horo ne kan harkar manhaja ya kai ni San Hose, cibiyar yankin nan da ake kira Kwarin Silikon. Kullum aka tashi sai in ja abokina, wani ɗan Damagaram da ya daɗe yana aiki a can, mu tafi in tsaya kusa da tambarin Apple ko na Google, in gyara zaman hula, ya ƙyasta. Wuraren aikin mutane ne, iyakar baƙo waje da shagon tsaraba. Da abin ya ishe shi, ranar ta ƙarshe ya ce, "Malam, yau ni zan zaɓa. Alviso za mu."

Ƙannena masu shirin zuwa can karatu ko taro, abin da na yi a Alviso nake so ku ji, don kada ku maimaita.

Unguwa ce ƙarama a arewacin San Hose, daidai inda mashigin tekun San Faransisko ya ƙare daga kudu, inda kogin Guadalupe yake zuba. Babbar hanya mai lamba 237 ce ta raba ta da gine-ginen gilashi. Kana tsallake hanyar sai ka ga kamar an sauya maka ƙasa: gidajen katako, layin dogo, fadama, da warin taɓo mai gishiri. Ina fitowa daga mota na toshe hanci na ce, "Wannan kufai ka kawo ni?" Kuskuren farko ke nan, kuma shi ya haifi sauran. Na yanke wa wurin hukunci kafin in san ko sunan wa yake ɗauke da shi.

Sai da na dawo gida na zauna na karanta, lokacin da karatun ba zai ƙara min komai a ido ba. Sunan na Ignacio Alviso ne, wanda aka ba shi filin a 1838, zamanin da Kalifoniya take ƙarƙashin Meziko. A 1852 wurin ya zama gari mai cin gashin kansa, kuma shi ne tashar jirgin ruwan San Hose. Daga nan ake loda fatu da kitse da hatsi da katako, da zaibar da ake haƙowa a New Almaden, jirage masu tururi su kai San Faransisko. Sai a 1864 aka gama layin dogo tsakanin biranen biyu, bai bi ta Alviso ba (layin da ke ratsa ta yanzu daga baya aka yi shi). Kaya suka koma jirgin ƙasa, tasha ta mutu a tsaye. Duk wanda ya san labarin Baro, tsohuwar tashar jirgin ruwa a bakin Kwara, ya san irin wannan mutuwar.

Akwai wani dogon bango da muka wuce, tsoho, an yi masa zane-zane. Abokina ya rage gudu, ni kuwa ina duba saƙonni a waya. Ragowar kamfanin Bayside ne, na sa abinci a gwangwani, wanda wani ɗan asalin Sin, Thomas Foon Chew, ya riƙe bayan girgizar ƙasar 1906 ta sa iyalinsa suka kwaso sana'arsu daga San Faransisko. A lokacin da ake nuna wa Sinawa wariya a fili, har da doka, mutumin nan ya ɗaga kamfanin ya zama na uku a girma a irinsa a Amurka, bayan Del Monte da Libby's. Ya rasu a 1931, kamfanin bai daɗe a bayansa ba. Ni da na tsallaka duniya don in ga inda baƙi suke kafa kamfani daga babu, na wuce ta gaban kakansu ban ɗaga kai ba. Saboda haka ku yi karatun tun a ɗaki. Rabin sa'a ya isa.

Abu na biyu ya fi ba ni kunya. A wani layi na ga gidan da aka ɗaga shi sama sosai, matakala doguwa kafin a kai ƙofa. Ya ba ni sha'awa, na matsa har bakin shinge na saita waya. Ashe akwai wata dattijuwa a tsugune tana ba shukokinta ruwa. Ta miƙe da tiyo a hannu, ruwa yana zuba kan silifas ɗinta, ta dube ni ta yi magana da Sifaniyanci. Ban ji ba, amma fuska ba ta buƙatar tafinta. Abokina ya fizge ni ta hannun riga, ya ce, "Haba Malam, a garinku haka ake yi? Ko sallama babu?" Ya gaishe ta, ya ba ta haƙuri. Ta huce, har ta nuna mana da hannu, daidai ƙirjinta, inda ta ce ruwa ya taɓa kaiwa a layin.

Gidan ba don ado aka ɗaga shi ba. Shekaru da yawa manoman kwarin suna zuƙo ruwan ƙasa don gonakin 'ya'yan itace, har ƙasar ta lotsa, a wasu sassan San Hose da kusan ƙafa 13. Alviso ta koma ƙasa da tsayin teku, jinga ce kawai take tare mata ruwa. An sha yin ambaliya, ta 1983 har yau ana ba da labarinta. Mafi yawan mazauna wurin 'yan asalin Meziko ne, ma'aikata, kuma tun da aka haɗe garin da San Hose a 1968 suke ƙorafin cewa an karɓe su an manta da su. Mutanen da suka sha wannan, ka zo ka ɗauki gidansu kamar kayan kallo. Gaisuwar da aka koya mana tun muna yara tana aiki a can ma. Ku koyi ko kalma biyu na Sifaniyanci, ku nemi izini kafin ku ɗaga waya.

Sai maganar takalmi. Na je da baƙin sau-ciki na ofis, da ƙarfe biyu na rana, cikin Agusta, ba gorar ruwa. A wurin shaƙatawar da ke tsohuwar tashar kwale-kwale akwai gadoji na katako da suka ratsa fadama, a bakin kowace an kafa wata firam kamar ƙofar ɗaki, amma babu ɗakin. Kana shiga sai ciyawa irin kacalla har iya ganinka. Taɓo ne ya cike tashar, shi ya sa inda jirage suke tsayawa a da ya zama ciyayi. Daga nan hanya ta hau kan jinga ta zagaye tafkunan gishiri, kusan kilomita 14, babu inuwa ko ta kara. Na ce ai ni ɗan rana ne, me rana za ta yi min? Ranar ba ta kai tamu zafi ba, gaskiya, amma da la'asar iska take tasowa daga teku, mai sanyi da ƙarfi, tana busar da kai ba ka sani ba. Kafin mu yi kilomita uku leɓena ya tsage, dunduniyata ta yi bororo. Na sauka gefen jinga wai in taɓa ruwan nan mai launin jan garura, ƙafata ta dama ta nutse har idon sawu a baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da kyar na zaro takalmin.

Launin kuwa ƙananan halittu ne masu son gishiri suke kawo shi, yana sauyawa daga kore zuwa ja gwargwadon kaurin gishirin. A 2003 gwamnati ta sayi dubban kadada na tafkunan daga kamfanin Cargill, ana ta mayar da wasu fadama kamar da. Yankin yana cikin gandun tsuntsaye na Don Edwards, kuma ko a wahalce na ga kwasakwasa da zalɓe da balbela jingim. Ku je da safe, da takalmin tafiya, da ruwa da rigar sanyi mara nauyi, ku duba jadawalin cikowar teku da janyewarsa, kada ku sauka daga kan hanya. Idan kun ga masu kamun kifi, ku karanta allon gargaɗi kafin kwaɗayi ya ja ku, don zaibar tsohon ma'adinin nan tana nan kwance a cikin lakar.

La'asar ta same mu a can. Na shimfiɗa jakata na fuskanci gabas yadda na saba, abokina ya juya ni da kafaɗa. Alƙibla a wannan yanki arewa ce, ta ɗan karkata gabas kaɗan. Ruwan alwala ma sai da muka koma mota. Ku tanadi wannan tun daga masauki.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Drawbridge. Wani ƙauye ne a tsakiyar fadama, arewa da Alviso, wanda ya fara da ɗakin mai kula da gadar jirgin ƙasa a 1876, ya cika da mafarauta agwagi, sannan ya watse. Mutum na ƙarshe ya bar shi a 1979. Gidajen suna nitsewa a taɓo, kuma an hana shiga. Hanya mafi sauƙi ta ganinsa ita ce ta tagar jirgin ƙasan da ke tashi daga San Hose zuwa Oakland, ka sa ido bayan ka wuce Alviso, don ba ya ɗaukar minti ɗaya. Muna kan jinga jirgin ya wuce mu yana busa. Da na ware rabin yini ɗaya daga cikin takwas ɗin nan, da ina ciki.

Washegari jirgin sama ya ɗaga da mu, na leƙa ta taga na hango tafkunan a ƙasa, ja da kore da ruwan ɗorawa, jinga ta rarraba su kamar kuyoyin gona. Takalmin yana cikin leda a akwatina. Mai wankin takalmi na bakin layinmu ya goge shi sau uku, farin layin gishirin bai fita ba.