Zuwa ga mutanen Tawa: wa ya kamata a fara dubawa a irjans?

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina gaishe ku daga Liyon ta ƙasar Faransa, inda nake aikin jinya a sashen gaggawa, wato irjans. Damina ta yi nisa, na san yadda ƙofar asibiti take cika daga Agusta zuwa Oktoba: uwaye kan tabarmi, yara jiki rau da zazzaɓin cizon sauro.

Kada ku ɗauka nan babu jira. Akwai shi, tsofaffi na kwana kan gadon tura marasa lafiya a baranda don babu gado a sama. Amma abu guda ya hana jiran nan zama ajali. A bakin ƙofa akwai ma'aikaciyar jinya da ba ta da wani aiki sai tantancewa. Cikin ƴan mintoci ta auna zafin jiki, bugun zuciya da numfashi, ta ba mutum mataki daga 1 zuwa 5. Mai mataki na 1 ba ya ko zama. Mai na 5 yana iya shafe sa'o'i, ko da shi ya riga kowa zuwa.

Wannan ba ya bukatar sabon gini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara irinsa domin yara a asibitocin da ba su da yalwar kaya: a fara da yaron da ke jijjiga, ko numfashi ya gagare shi, ko tafin hannunsa ya yi fari fat don ƙarancin jini.

Inda gizo ke saƙar, mu ne. Wanda ya san majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, yakan shige, baƙuwar da ta taso daga ƙauyen Illela ko Keita da asuba ta yi shiru da ɗanta a goye, kunya ta hana ta magana. Wallahi abin nan yana ci mini rai. In aka wuce da wani gabanku, kada ku ce an yi son kai. Ku duba halin da yake ciki.

Ciwon da bai tsananta ba kuma, a fara kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, don haka zazzaɓi kada ya kwana biyu a ɗaki. Masu rabon maganin rigakafin damina in sun zo, a buɗe musu ƙofa, a kuma cika shan na rana ta biyu da ta uku.

Shugabannin asibiti, roƙona ɗaya ne: ku ajiye ƙwararren mai tantancewa a ƙofa dare da rana, da akwatin maganin gaggawa kusa da shi, don kada a tsaya jiran mai jinya ya dawo daga farmasi kafin a sa ƙarin ruwa.

Ƴar uwarku, daga Liyon.