Kiwon sauro a bakin Nilu

Ni ɗan Mai Wurno ne da ke ƙasar Sudan, amma aikin sauro ya kai ni arewacin ƙasar, kuma mafi yawan lokacina a can na yi shi ne ina ciyar da sauro, ina duba lafiyarsa, ina kare shi daga zafi. Manufar ita ce mu tara mazan sauro masu yawa, mu kashe musu ƙwayar haihuwa da hasken gamma, wani haske mai ƙarfi na makamashin nukiliya, sannan mu sake su su yi barbara da matan daji. Macen sauro galibi sau ɗaya take barbara a rayuwarta, ta adana abin da ta samu tana amfani da shi a duk ƙwan da za ta saka. In ta gamu da namu, to ƙwanta ya zama baragurbi har ta mutu. Namiji kuwa ba ya cizo, ruwan fure yake sha. Mace ce ke neman jini don ƙwanta ya ƙosa, a nan ne take sa wa mutum zazzaɓi.

Dabarar ta daɗe. Edward Knipling da Raymond Bushland na Amurka ne suka ɓullo da ita kan wani ƙuda da tsutsarsa ke cin naman dabba da ranta, aka kuma kawar da shi daga tsibirin Kurasawo na yankin Karibiyan a 1954. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ita ta tallafa wa Sudan ta gwada ta kan sauro, aka zaɓi yankin da ke tsakanin Dongola da Marawi. Wanda ya taɓa zuwa wurin zai gane dalili. Daga bakin kogi akwai dabino da gonakin wake da alkama, ka ɗan yi tafiya kaɗan sai kore ya yanke, rairayi ya karɓa har iya ganinka. Sauro ba shi da wurin zama sai wannan siririn layi, kuma iri ɗaya ne ke yaɗa maleriya a can, Anopheles arabiensis.

Haska sauro shi ne mafi sauƙin aikin, 'yan mintoci ne a cikin na'ura. Wahalar tana gaba da baya.

Tsutsa muke reno a faranta masu faɗi, muna barbaɗa musu garin abincin kifi. In ya yi yawa ruwan ya yi yauƙi su mutu, in ya yi kaɗan ko suka cunkushe su fito ƙanana, fiffike ba ƙwari. Matan da muke ajiyewa don iri, jinin shanu muke ɗumama musu su tsotsa ta cikin wata siririyar leda. Bayan kamar mako guda tsutsar takan dunƙule kamar waƙafi, kuma kwana ɗaya ko biyu kacal take yi a haka kafin ta zama sauro. A cikin wannan ɗan lokaci dole a ware maza daga mata, domin mace ko an haska ta tana cizo. Masu aiki da sauron Aedes sun huta, tasu macen ta fi namiji girma, ana tace su ta tsakanin gilashi biyu. Namu girmansu kusan ɗaya, sai a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ɗaya bayan ɗaya, kana duba ƙarshen wutsiya har idonka ya yi ja. A ɗakin gwajin IAEA da ke Seibersdorf ta ƙasar Ostiriya an samar da wani iri da mazansa ke jure wa gubar dieldrin matan su mutu, sai dai yawancin ƙwansa ba ya ƙyanƙyashewa. An kuma gwada zuba maganin kashe tsutsar ciki mai suna ivermectin a cikin jini, matan su sha su mutu. Kowace hanya da aibinta, kuma a ganina wannan ce babbar matsalar da ta hana aikin tashi.

Sai batun awon hasken, wanda ake aunawa da ma'aunin gray. A gray 120 kusan babu ƙwan da ke tsira, amma namijin yakan yi laushi. A gray 70 yana da kuzari, sai dai wasu ƙwai kan ƙyanƙyashe. Da farko zuciyata ta fi karkata ga awo mai ƙarfi. Abin da na gani a fili ne ya sauya min ra'ayi.

A Hartum ake haska su, a ɗauko su a jirgi zuwa arewa cikin akwatin sanyi. Kafin saki mukan barbaɗa musu hoda mai ƙyalli don mu gane namu. Da rana ta faɗi, kafin duhu ya rufa, mazan sauro kan taru su yi gungu a sama, sama da kan mutum kaɗan, suna kai da kawowa a wuri guda, kullum a wurin da suka saba: gefen katanga, bakin gona, ko fili mai tsiraicin ƙasa. Sai ka durƙusa ka kalli yamma inda sauran haske yake kafin ka gan su. Mace takan kutso ciki, wani ya cafke ta, su fice tare a manne. Duka abin bai fi rabin sa'a ba. Mukan share gungun da ragar hannu, mu koma ɗaki mu haska fitila mai launin shuɗi. Ranar da na fara ganin masu hodarmu suna walƙiya a tsakanin na daji, na yi hamdala a fili. Namijin da bai iya samun wannan gungu ya yi gogayya a cikinsa ba, duk kuɗin da aka kashe a kansa ya tafi a banza, komai kyawun alƙaluman ɗakin gwaji.

Mutanen gari ma ba a tsallake su. Wani dattijo ya tsare ni a bakin gonarsa ya ce, "Ɗana, wanda muke da shi bai ishe mu ba ne ka ƙaro mana?" Tambayarsa daidai take. Na zura hannu cikin kejin maza na bar shi, suka sauka suka tashi ba wanda ya taɓa ni. Shi ma ya zura nasa. Daga baya shi ke nuna mana inda ruwa ke kwanciya: bututun da ya fashe, ramin masu bugun bulo, kududdufan da kogi ke bari in ya janye.

Ba mu kai ga sakin miliyoyi da aka yi buri ba. Abin ya tsaya a ƙananan gwaji. Duk da haka 'yan'uwa daga Kano da Damagaram kan tambaye ni ko za a iya a wajensu. Nijeriya ta taɓa yi da ƙudan tsando: a shekarun 1980 an reni ƙudan a Vom aka saki a yankin Lafiya, aka share shi daga murabba'in kilomita 1,500, amma da aka daina tsare iyaka ya dawo. A tsibirin Unguja na Zanzibar kuwa, inda teku ta kewaye, an gama da shi a 1997. Ƙasar Hausa ba tsibiri ba ce, kuma saurayen maleriyarta iri-iri ne, kowane sai an yi masa nasa kiwon. Abin da nakan ce musu shi ne kada su ajiye gidan sauro da magani. In kuma ana son gwadawa, a fara da rani, lokacin da sauro ya ragu ya tattaru a bakin madatsun ruwa da fadamu, a ƙirga shi a gano inda mazansa ke taruwa, tun kafin a sayi faranti ko ɗaya.